Kurege Mai Zane da Mutanen Zamalek

Abin da ya fi ɓata min rai a 'yan shekarun nan shi ne in ji saurayi ɗan makaranta, wanda bai taɓa kwashe kashin dabba da hannunsa ba, yana cewa kiwon kurege sana'ar hutu ce. Wai ka je kasuwar Juma'a ka sayo biyu, ka zuba su a kejin tsuntsu, ka ɗauki hotonsu da waya, kafin la'asar ka samu mai saye. Da kunnena na ji wannan magana a wani gidan shayi a unguwar Faisal da ke Giza, daga bakin samarinmu, suna yi suna dariya. To ku gyara zama ku ji, tunda ku ne kuka ce babu wuya.

Sunana Harisu, mutumin Damagaram ne. Karatu ya kawo ni Alƙahira kamar yadda ya kawo ku, amma nawa bai yi nisa ba. Na samu aiki a shagon sayar da dabbobin gida a Zamalek, unguwar masu kuɗi, na wani dattijo da kowa ke kira Ammu Sabri, wato Baffa Sabri. Na yi shekara da shekaru ina wanke kejin aku da kanari kafin wannan halitta da Misirawa ke kira singab ta shigo shagonmu, wajen 2011. Ba kuregen gonarmu ba ne mai haƙa rami a gindin gyaɗa. Wannan ƙarami ne, da ƙyar yake cika tafin hannu, da zane baƙi da fari a gadon baya, kuma daga ƙasashen sanyi ake kawo shi. 'Ya'yan masu kuɗi suka gan shi suka rikice, iyaye suka fara layi.

Ranar da kwalin farko ya iso na kai hannu zan buɗe, Ammu Sabri ya doke min yatsu da bayan cokalin shayinsa. Shi ya taɓa riƙe guda biyu a gidansa tun yana da ƙarfi, wani ma'aikacin jirgin ruwa na Iskandariyya ya ba shi. Da kansa ya juye su a babban keji, ya jawo min kujera 'yar tsugunno ya ajiye a gefe, ya nuna min ɗaya daga cikinsu.

"Zauna nan, Harisu. Kada ka taɓa, kada ka yi masa magana, kada ka ci komai a gabansa. In na dawo ka gaya min abin da ya ce."

"Ammu, dabba ce fa."

"Na sani. Kai ma da ka zo ba ka jin Larabcinmu, amma ban ce ba ka da baki ba."

Haka na yi ta zama a kujerar nan ina jin haushin tsohon, ga shara tana jirana, ga aku suna ihu. Sai da aka jima kafin kunnena ya fara rarrabewa. Akwai kuka mai kaifi, cit, cit, cit, wanda yake yi yana tsaye cak a kan reshe, wutsiya tana karkarwa. Wannan ya ga abu ne a ƙasa, kyanwa ko baƙon mutum. Akwai mai kauri daga maƙogwaro, cok, cok, kamar ana ƙwanƙwasa ƙwarya, wanda yake yi in abu ya gifta ta samansa, ko da inuwar mayafi ce. Akwai tirrr mai sauri, sau ɗaya tak, yana yi yana gudu zuwa ɗakinsa. In ka ji wannan, ka riga ka tsorata shi, ka makara. Sannan akwai kaɗa haƙora, ƙir-ƙir-ƙir, a hankali. Wannan gargaɗi ne, kuma ba ya maimaita shi. Duk wanda ya ji ƙir-ƙir ya ci gaba da miƙa hannu, haƙoran nan za su shiga har ƙashi, kuma shi ya ja wa kansa.

Kayan aikina ba su da yawa, amma babu wanda zan ba aro. Filaya da almakashin waya, don kejin kasuwa ba ya yi. Kejin tsuntsu faɗi gare shi, singab kuwa tsawo yake so, ya hau ya sauko. Ni nake ɗaura nawa da waya mai ƙananan idanu, in yi masa ƙofa biyu, ta ciki da ta waje, domin ƙiftawar ido ta ishe shi ya fice, in kuwa ya shige bayan firiji sai ka kwashe kayan ɗakin kaf. Akwai ɗan akwatin katako mai rami ɗaya, nan ne ɗakinsa. Akwai jakar yadi mai laushi da nake kama shi da ita, in sa bakinta a ramin akwatin in ƙwanƙwasa bayan, ya shige da kansa. Na taɓa sayen safar hannu ta fata mai kauri, Ammu Sabri ya jefa ta a kwandon shara, ya ce hannun da ba ya jin abin da ya riƙe shi ne yake karya haƙarƙari. Akwai 'yar tocila ta duba haƙori, don haƙoransa ba sa daina tsiro, in babu reshen da zai gwaguya sai su lanƙwashe su huda masa dasashi, ya zauna da abinci a gaba yana mutuwa da yunwa. Reshen gwaiba nake nema masa, in wanke in shanya. Auduga kuwa ba ta shiga kejina. Kuna ganin laushinta kuna cewa gata ce, ita kuwa naɗe masa ƙafa take yi har jini ya daina zuwa. Busasshiyar ciyawa da yagaggiyar farar takarda sun ishe shi.

Wani aiki da ba na mantawa shi ne na wani mutum a wani dogon bene da ke kallon Nilu. Ya kira shago yana faɗa, wai mun sayar masa da mara lafiya, tun asuba take tari ba ta daina ba. Na je. Tun daga bakin lif na ji ta: cip, cip, cip, a jere, da tazara daidai, kamar tsuntsuwa a kan reshe. Babu tari a ciki ko kaɗan. Mace ce, lokacinta ya yi, namiji take kira, kuma haka za ta wuni, gobe ta yi shiru kamar ba ita ba. Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ga kwalbar maganin tarin yara a kan tebur da ɗan sirinji a gefenta.

Na ce, "Ka ba ta wannan?"

Ya ce, "Kaɗan. Ai na yara ne, ba shi da ƙarfi."

Dabbar da nauyinta bai kai na ƙwai biyu ba. Ya matse ta a tawul ya ɗura mata. Ta rayu, amma ba don dabararsa ba. Har na bar gidan yana tambayata ko akwai irin da ba ya kuka.

Wani gidan kuma a kan talabijin suka ɗora kejin, don yara su riƙa kallon biyu a lokaci ɗaya. Akwai wani siririn sauti da tsohuwar talabijin da doguwar fitilar nan ke fitarwa, mu ba ma ji, shi yana ji, kuma yini guda yana huda masa kai. Na tarar da shi yana tsalle da baya, ya dira, ya sake, ya dira, ya sake, a wuri ɗaya, har ya goge gashin goshinsa a jikin waya. Uwar gidan tana tafa hannu, tana cewa in duba yadda ya iya wasa, su ba su koya masa ba. Wannan ba wasa ba ne. Haka dabba take yi in wuri ya ƙuntace mata har kanta ya fara taɓuwa. Na ce a mayar da shi ɗakin da babu na'ura, a ba shi keji mai tsawo da ƙasar da zai tona. Ta ce in an kai shi can wa zai gan shi.

Ku ma ba ku tsira ba, kada ku ce masu kuɗi kawai nake zagi. Wani ɗalibi ɗan Kano da ke zaune kusa da ni a Faisal ya sayi maza biyu a kasuwa ya haɗa su keji ɗaya, wai don kada kaɗaici ya dame su. Na ce masa singab ba tunkiya ba ne, ba ya son garke, kowa da iyakarsa. Ya ce ai tun da ya kawo su tare suke kwana. Na ce ya jira zafi ya wuce. Da iska ta fara sanyi, dabbar nan takan canza gaba ɗaya. Jikinta yana gaya mata lokacin ƙanƙara ya kusa, ko da a Giza take. Sai ta fara cika kumatu da abinci har fuskarta ta zama uku, ta kai ɗaki ta juye, ta dawo. Wanda jiya yake hawa kafaɗarka, yau in ka matso kusa da rumbunsa zai yi maka tsalle a fuska. Wata safiya ɗalibin ya ƙwanƙwasa min ƙofa da kwalin takalmi a hannu. Ɗaya ya buɗe wa ɗaya wuya. Wanda ya rage kuma, garin raba faɗa ɗalibin ya cafke shi ta wutsiya, fatar ta zare ta bar masa ƙashi tsirara. Wutsiyarsa haka take, in ka ja ta sai ta saɓule, kuma ba ta sake tsirowa.

Ya ce, "Malam Harisu, ƙaddara ce."

Na ce, "Ƙaddara ce, amma an gaya maka."

Sannan ga abinci. Kowa libb yake ba shi, 'ya'yan furen nan da Misirawa ke ɓarewa suna tofar da ɓawo a titi, har da mai gishiri. Yana so, ba shakka, kamar yadda yaro ke son alewa. A ciyar da shi wannan kaɗai, sai ya yi kitse, ƙashinsa ya yi laushi, wata rana ƙafafun baya su ƙi tashi. Hatsi yake so gauraye, alkama, gero, 'yar masara, ɗan karas, ɗan tuffa ba tare da ƙwallon ciki ba, wani lokaci tsutsa ko ɗan dafaffen ƙwai. Kuma in za ka share ɗakinsa, ka tsince ɗanyen abin da ya ɓoye don kada ya ruɓe, amma busasshen hatsin ka mayar masa. Ka kwashe masa rumbu kaf, ka ga dabba tana zagaye keji tana tona kowace kusurwa kamar wanda aka yi wa sata. Ai satar aka yi masa.

Mummunar shekararmu ita ce 2013. Tun kafin nan gari ba ya zama lafiya, baƙi da yawa sun tattara sun koma ƙasashensu. In za su tafi, sukan tuna da fasfo da kare. Singab sai a bar wa bawwab, mai gadin ƙofar bene, a ce ya san yadda zai yi da shi. Nakan zo buɗe shago in tarar da keji a bakin ƙofa an rufa masa tsohon labule, kwalbar ruwa a bushe. Ammu Sabri bai taɓa mayar da ko ɗaya ba. Sai ya ce in shigo da shi, in raba masa wuri a bayan shago.

A farkon zafin shekarar ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da tsohon, ɗansa Tamir ya karɓi shagon. Tamir ba mugu ba ne irin na dukan dabba. Shi dai a wurinsa singab da cajar waya duk kaya ne, a sayo da yawa a sayar da sauri. Abin da ya fara yi shi ne kafa talabijin a bangon shago. Na biyu, ya karɓo babban kaya daga wani mai shigo da dabbobi, a tsakiyar zafin Alƙahira, ya zuba su duka a dogon keji ɗaya a jikin gilashin gaba, inda rana ke duka daga azahar, don masu wucewa su gani.

Na ce, "Tamir, gilashin nan tanda ne. Dabbar ƙanƙara ce wannan."

Ya ce, "Akwai na'urar sanyi, Ammu Harisu."

"In aka ɗauke wuta fa?"

"Ma'alish, ba ta daɗewa."

Na tsani kalmar nan tun daga shekarar. Ma'alish, wato ba komai, a yi haƙuri. A lokacin kullum sai an ɗauke wuta, wani lokaci sau da yawa a yini. In ina nan, na san abin yi. Nakan jiƙa buhu in rufa a kan keji, in cika ƙananan tuluna da ruwa in sa a ciki su kwanta a jikinsu, in shimfiɗa fale-falen tayil a ƙasa. Da haka muka yi ta lallaɓawa.

Sai ranar da rikicin gari ya yi tsanani sosai, aka ce kowa ya rufe ya tafi gida, za a sa dokar hana fita. Na ce wa Tamir ya bar ni in ja kejin zuwa bayan shago, ko ya ba ni mabuɗi in kwana a nan. Ya ce ba ya barin kowa a shago a irin wannan rana, kuma babu lokacin jan keji, motarsa tana kan hanya. Ya ja ƙofar ƙarfe ya sa kwaɗo. Washegari babu ƙaramar motar haya, mikrobas, da ta yarda ta haye gada daga Giza. Na kira shi na ce shi da ke kusa ya je ya buɗe, ya ce mahaifiyarsa ta hana shi fita. Sai da rana ta sake fitowa na samu na isa, rabin hanyar a ƙafa.

Tamir ya ɗaga ƙofar, muka shiga. Shagon singab da safe ba a jin maganar juna, don lokacin tashinsu ke nan. Ranar nan babu cit, babu cok. Na'urar sanyi a mace, ƙofar ƙarfen ta gasu ta gasa gilashi, iskar ciki kamar ta gidan burodi. Suna kwance a miƙe, ciki a ƙasa, ƙafafu a baje, wasu baki a jikin kwalbar ruwan da ta ƙare. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina sa yatsa a ƙirji. 'Yan kaɗan na samu da sauran numfashi, na shafa musu ruwa a kunne da tafin ƙafa, na kai su bayan shago. Na bayan shagon, waɗanda baƙi suka yar, su ne suka tsira duka, don inuwa suke.

Tamir ya tsaya ya toshe hanci da hankici. Ya ce, "Ka zuba su a baƙar leda, kada maƙwabta su gani. In sanyi ya shigo sai mu karɓo wasu."

Na zuba. Ni na ɗauka, ni na kai. Da na je gaida Ammu Sabri a gida, bakinsa ya karkace ba ya iya magana sosai, ya tambaye ni da ido. Na ce masa shago lafiya. Matarsa ce ta roƙe ni tun a ƙofa kada in gaya masa.

A ƙarshen shekarar nan aka yi wani sanyi da tsofaffin Alƙahira suka ce ba su taɓa gani ba. A cikinsa ne aikin da ya raba ni da shagon ya zo.

Akwai wata mata a Zamalek, Madam Nihal, da ta saya wa ɗanta singab namiji a hannun Ammu Sabri tun farkon zuwansu. Yaron ya yi wasa da shi na ɗan lokaci ya gaji. Wadda ta riƙe shi ita ce mai aikin gidan, Hajara, 'yar Gusau, tana zaune a Hadayek el-Maadi, kullum ta shigo jirgin ƙasa ta zo ta koma. Ita take zuwa sayen hatsinsa, ta tsaya mu gaisa da Hausa, ta yi tambaya. Da ta ji ana barin busasshen hatsi in an share ɗaki, ba ta sake kwashe masa ba. Ta san ƙir-ƙir, ta san lokacin da ba a taɓa shi. Har ya kai yana karɓar gero a tafin hannunta, a gidan nan kaf ita kaɗai.

Da safe ina buɗe shago wayata ta yi ƙara. Hajara ce, muryarta a ƙasa, kamar daga banɗaki take magana.

"Malam, ya mutu. Madam ta ce ni na kashe shi, wai maganin kyankyasai da na fesa a kicin jiya."

"Ina kejin yake kwana?"

"Ta sa an fitar da shi baranda tun shekaranjiya, baƙi za ta yi."

"Yaya kika same shi? A miƙe ko a naɗe?"

"A naɗe, kamar ƙwallo, hancinsa cikin wutsiya. Jikinsa kamar ƙanƙara."

"Ya sandare?"

Ta ce, "A'a. Da na ɗauke shi ya lanƙwasu."

"Yana ina yanzu?"

"Ta ce in sa a leda in jefa a shara. Mai shara ya riga ya kwashe."

Singab a miƙe yake mutuwa, kuma yana sandarewa. Wanda ya naɗe ya yi sanyi ya yi laushi, barcin sanyi ya shiga. A ƙasarsu haka suke wuce lokacin ƙanƙara, jiki ya huce, numfashi ya ragu har ka rantse babu. Na bar shago a buɗe na fita da gudu, ni da tsofaffin gwiwoyina. Bawwab ɗin benensu ya nuna min layin baya, ya ce motar masu shara takan tsaya can su ɗaure buhuna. Na same ta. Wani magidanci ne a kanta yana taka manyan buhuna da ƙafa don su danne. Na ce ya dakata, don Allah, ya nuna min na bene kaza. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaya ko zobe ne ya faɗa. Na ce dabba ce mai rai. Bai yi dariya ba. Ya sauko, ya jawo buhu ɗaya ya kwance, muka zube shi a gefen titi, muka shiga tonawa tare, cikin ɓawon lemo da ragowar shinkafa da ƙunzugun jarirai. Shi ya gano 'yar farar ledar kantin magani an ƙulle bakinta. Allah ya sa ledar ta huje a gefe.

Ba a kai irin wannan kusa da wuta ko hita, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. A hankali ake yi. Na ɗaga riga na sa shi a jikin fatar cikina, na ɗaure da mayafin wuyana, na zauna a kan dakali. Mai sharar ya mayar da kayansa buhu, bai tafi ba, ya tsaya yana kallo. Aka jima, na ji wani ɗan motsi kamar jijiya tana harbawa. Sai karkarwa, jikinsa duka. Sai ƙafa ta miƙe ta karce ni. Da ya gama dawowa, abin da ya fara yi shi ne ya kafa min haƙora a ciki. Tabon yana nan. Mai sharar ya ce, "Tamam," wato daidai, ya hau motarsa.

Na hau bene da shi a jakar yadi. Madam Nihal ta buɗe ƙofa da kanta, Hajara tana tsaye a bayanta da mayafi da 'yar jakarta, an riga an ce ta tattara. Na sa shi a keji, ya shige ɗakinsa, ya leƙo. Na yi bayani da Larabcin da kowa zai gane: ba guba ba ce, sanyin baranda ne, kada a sake fitar da shi. Madam ta dafe ƙirji, ta kira ɗanta, ta yi ta godiya ga Allah. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ta juya ta dubi Hajara.

"Wato da ransa kika jefa shi a shara."

Hajara ta ce, "Madam, ke kika ce in jefar."

"Na ce ki jefar da matacce. Ke da kike taɓa shi kullum ba ki san mai rai ba? Kuma har kina kiran mutane a waya kina faɗa musu abin da ke cikin gidana. Halas, shi ke nan, tafi."

Na ce, "Madam, wayar nan ita ta cece shi. Kuma a gidan nan babu hannun da yake karɓar abinci sai nata."

Ta ce, "Kai an kira ka ne don dabba."

Na faɗa mata abin da ya zo bakina. Na ce wanda ya fitar da dabbar ƙanƙara baranda don baƙi, ya kwana bai leƙa ta ba, ba shi da bakin tuhumar kowa. Na faɗa a tsaye a falonta, da warin shara a hannuna. Muka sauko ni da Hajara ta matakala, don bawwab ya ce lif ba na ma'aikata ba ne in babu kaya. Ba ta yi kuka ba. A bakin titi ta ce in tuna in gaya musu ba ya son tuffa mai tsami.

Kafin in isa shago Madam ta riga ta kira Tamir. Ya ce in koma in ba ta haƙuri, tsohuwar mai saye ce, ƙawayenta duka a nan suke saye. Na ce ba zan koma ba. Ya ce to in zaɓa. Na shiga bayan shago na ɗauki filayata da almakashi da tocila da jakar yadi. Na ce ya ba ni waɗanda baƙi suka yar, tunda ba sayensu ya yi ba. Ya ce in kwashe, wuri suke cinye masa. Da su na fara a saman benen da nake haya a Faisal, nake ɗaura keji, nake zuwa gidaje in an kira. Ba na sayar wa kowa sai na ga wanda zai riƙa ba da abinci da idona, ba wanda zai biya ba. Da yawa sukan ji haushi su tafi kasuwar Juma'a, su same ku.

Labarin na gidan Madam a bakin bawwab na ji shi, da zafi ya dawo, na je wani aiki a layin. Bayan tafiyar Hajara babu wanda ya iya sa hannu a kejin. Sabuwar mai aiki ta gwada, ya cije ta, ta rantse ba ta ƙarawa. Sai aka koma watsa masa libb ta tsakanin waya, keji ya yi wari, ya wuni yana cit, cit, Madam ta ce yana sa mata ciwon kai. Wata rana yaron ya ɗauki kejin ya kai baranda ya buɗe ƙofa, wai ya ba shi 'yanci. Hawa na bakwai, a layin da kowace mota akwai kyanwa a ƙarƙashinta. Bawwab ya ce shi ya share abin da ya rage.

Hajara ta samu wani aikin a Maadi, gidan da ba su da dabba. Takan kira ni da salla mu gaisa. A wata gaisuwar ta tambaya, "Malam, kana jin labarinsa? Yana nan?"

Na gaya mata yadda aka yi, ban rage komai ba. Sannan ta ce, "Da ka bar shi a cikin sharar nan, Malam. Da cikin barci ya tafi."